Ya iya ƙirga ashirin da turanci, amma ba ya iya cewa a ba shi ruwa

Assalamu alaikum Anti. Daga Rikkos nake rubuto miki, a nan Jos. Ɗana na fari shekararsa biyu da wata takwas. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma tun yana wata goma na fara miƙa masa wayata yana kallon katun don in samu in taka keke. Yanzu abin ya bi jikinsa: da ya buɗe ido waya, wajen cin abinci waya, in aka karɓe kuwa kuka da birgima har maƙwabta su leƙo. Ba zan ce bai ƙaru ba. Yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin da turanci, ya san launuka, yana rera waƙar ABC tiryan-tiryan. Amma in ƙishi yake ji sai dai ya ja hannuna zuwa bakin randa, ba zai faɗa ba. Hausarsa ba ta wuce "Mama", "a'a" da "ba ni" ba. Wani lokaci sai in kira shi sau uku bai waiwayo ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, gida ɗaya muke, ta ce na kurmantar mata da jika da waya. Shi kuma maigidan cewa yake a ƙyale yaro, ilimi yake kwasa, in ya shiga nazare sai ya fi 'yan ajinsu. Ga ni da ciki wata shida. Anti, katun ɗin nan karatu ne ko cuta? In hana shi gaba ɗaya ne?

Maman yaro, Rikkos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana shi, ya sauke ki lafiya.

Zan zo kan katun, amma abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki shi ne kiran nan da kike yi bai waiwayo ba. Ki gwada shi lokacin da babu waya a hannunsa, talabijin ma a kashe. Ki tsaya ta bayansa ki kira sunansa da muryarki ta kullum, ba da tsawa ba. Ki lura ko yana jiyo sallamar babansa daga ƙofar gida, ko yana juyowa in aka buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin. Ki lura kuma ko yakan nuna miki abu da yatsa don kawai ki gani, akuya ce ko jirgin sama, ya dubi abin ya dubi fuskarki. Yawancin yara suna shekara biyu suke fara haɗa kalma biyu, irin "ƙara ruwa" ko "Baba tafi", zuwa shekara biyu da rabi kuma suna da kalmomi wajen 50 da suke faɗa da kansu don biyan buƙata. In dai yadda kika bayyana ne, naki bai kai nan ba, don haka kada ki zauna jiran "ai babansa ma bai yi baki da wuri ba". Ki kai shi a auna jinsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen yara, yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Sau da yawa bayan mura ruwa kan taru a cikin kunnen yaro ya daɗe, ba ciwo ba zazzaɓi, sai dai magana ta riƙa iso masa a dushe, kuma abu ne da ake magancewa. Likitan yara zai duba sauran girmansa, har da yadda yake mu'amala da mutane. Kafin ranar, ki ajiye takarda kusa da keken ɗinkinki, duk kalmar da ya faɗa da kansa, ta Hausa ko ta turanci, ki rubuta. Waƙa da ƙirgan hadda ki ware su daban. Wannan takardar za ta fi wa likita amfani a kan "ba ya magana sosai".

Ban faɗi haka don in tayar miki da hankali ba, kina da juna biyu. Kallon katun shi kaɗai ba ya toshe kunne, kuma yara da yawa da suka yi jinkirin baki sukan warware. Na fi so ne a duba tun yanzu, domin in akwai abin gyarawa, a wannan shekarun ya fi saurin gyaruwa.

To, karatu ne ko cuta? Maigidanki bai yi ƙarya ba, yaron ya ɗauki wani abu, kuma hakan ma alama ce mai daɗi cewa ƙwaƙwalwarsa tana riƙe abu. Sai dai ki yi wannan gwajin a gaban maigidan. Ki ajiye cokula biyar a tabarma ki ce masa, da Hausa ko da turancin, "ba ni biyu". Mai yiwuwa ya kwaso duka, ko ya fara rera ɗaya zuwa ashirin. Ƙirgan da yake yi waƙa ce ya haddace, bai riga ya gane cewa "biyu" yawan abu ba ne. Wannan ba laifinsa ba ne, haka yara suke farawa. Abin da ke mayar da hadda ta zama sani shi ne mutum ya zauna da yaro, ya miƙa masa, ya karɓa, ya gyara masa, ya yi masa dariya in ya dace. Ke kanki ba da kallon masu ɗinki kika zama tela ba, sai da kika ɗora ƙafa a keke, wata tana tsaye a kanki tana cewa farke nan, sake can.

Masana sun gwada wannan a zahiri. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka suka ɗauki jarirai 'yan wata tara da ba su taɓa jin yaren Sin ba. Wasu aka riƙa kawo musu masu jin yaren suna zama da su, suna wasa suna karanta musu littafi, zama 12. Wasu aka nuna musu mutanen nan dai a bidiyo suna faɗin abu iri ɗaya, wasu kuma murya kawai aka kunna musu. Da aka auna, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan yaren. Na bidiyo da na murya kuwa kamar ba a taɓa kunna musu komai ba. A 2014 wasu masu bincike suka gwada yara 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi, wato kusan sa'annin naki, da sababbin kalmomi. Waɗanda aka koya wa fuska da fuska sun koya, waɗanda aka koya wa ta kiran bidiyo, mutum yana kiran sunansu yana amsa musu, su ma sun koya. Waɗanda aka kunna wa bidiyon da aka riga aka ɗauka ba su koya ba. Kin ga ashe ba gilashin wayar ne matsalar ba. Ƙaramin yaro daga mai amsa masa yake koyon magana, katun kuwa zuba yake yi, ko yaro ya gane ko bai gane ba.

Duk da haka ba zan ce miki katun banza ba ne, don ba gaskiya ba ne. Shirin Sesame Street da aka fara a Amurka a 1969 an gina shi ne da malamai da masana tarbiyyar yara, kuma ƙasashe da dama sun yi nasu samfurin. Namu na Najeriya, Sesame Square, ya fara fita a NTA a 2011. A 2013 wasu masana a Jami'ar Wisconsin suka tattara bincike 24 da aka yi a ƙasashe 15, kan yara sama da 10,000, suka ga masu kallon shirin sun fi ƙaruwa a haruffa, lissafi, tsafta da zama da mutane. Amfanin yana fitowa ne in yaro ya ɗan tasa, ya fara bin labari, shirin kuma an yi shi don koyarwa, sannan akwai babba a kusa da zai ɗauki abin da aka gani ya shigar da shi hira. Naki yanzu yake bakin ƙofar wannan shekarun. Abin da ya samu tun yana wata goma ya zo masa da wuri, kuma ya yi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. A cikin ƙa'idar dai an ce yaro mai shekarun naki yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 11 zuwa 14. Ki lissafa awannin da yake yi da waya yanzu, za ki ga daga ina aka ciro su: daga wasa, daga barci, daga surutun da ya kamata ya yi da ku.

Saboda haka amsata ita ce kada ki hana gaba ɗaya, ki mayar da shi awa ɗaya, ki kuma zaɓa masa da kanki.

Zaɓin nan ya fi komai wuya, don yawancinmu ba mu taɓa zama mun kalli abin da yaran ke kallo ba, sautin kawai muke jiyowa daga kicin. Ki zauna minti biyar ki kalla da idon basira. Hoto yana canzawa kafin ki ƙifta ido? Launi yana walƙiya, waƙa na bin waƙa babu labari? Ko kuwa akwai mai magana a hankali, ya yi tambaya ya ɗan dakata don yaro ya amsa? A 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia ta raba yara 60 'yan shekara huɗu gida uku. Na farko suka kalli katun mai gudu na minti tara, na biyu suka kalli mai tafiya a hankali, na uku suka yi zane. Nan take aka gwada haƙurinsu da iya bin umarni, sai 'yan rukunin farko suka zo a baya. Binciken bai ce illar tana dawwama ba, amma duk uwar da ta karɓe waya daga hannun yaro ta ga yadda yake komawa kamar an jona shi da wuta ta san abin da ake nufi.

Akwai Akili and Me, na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, an yi shi don yaran da ba su shiga firamare ba, kuma akwai shi da Hausa. Akwai Bino and Fino da Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, yara ne 'yan Najeriya a gida irin namu, da abinci da sutura irin tamu. Ki sauke guda uku ko huɗu a wayar, sannan ki kashe data kafin ki miƙa masa. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. YouTube in bidiyo ya ƙare wani yake jawowa da kansa, kuma akwai masu ɗaukar 'yan katun da yara suka sani su sa su duka, tsoratarwa ko abin da bai dace ba, don kawai a kalla su sami kuɗin talla. Yaro ba zai faɗa miki ya gani ba, balle wanda bai yi baki ba. Kada ki damu in ya nace wa guda ɗaya kullum. Maimaici gare mu gundura ne, gare shi kuwa a kallo na biyar ne yake gane abin da ya wuce shi a na farko. In da hali a riƙa kunna masa a talabijin maimakon waya: yana nesa da ido, ba ya iya latsawa ya tsallake, kuma kowa a ɗakin yana ganin abin da yake gani.

Na san abin da za ki ce: Anti, in zan zauna kallo da shi, wa zai yi min ɗinkin? Gaskiyarki. Ba sakaci ne ya sa kika miƙa masa waya ba, neman halali kike yi da yaro a gindinki, ga masu kaya suna waya ana jibi biki. Ki raba awar biyu. Rabin farko da yamma, ke ko babansa ko Hajiya wani ya zauna da shi, ana kallo ana magana: "Kai, wane ne wannan? Ina ya tafi? Ka ga ya faɗi, sannu!" Ki tsayar da bidiyon ki jira shi, ko da nuni ya amsa ki faɗa masa kalmar. Rabi na biyu ki ajiye shi don lokacin da aikinki ya fi buƙatar natsuwa, kamar sa'ad da kika shimfiɗa yadin mutane za ki yanka. A nan ki kunna masa wanda kuka riga kuka kalla tare, kina iya jefa masa tambaya daga inda kike.

Sauran yinin fa? Ɗakin tela cike yake da kayan koyo. Ki tara masa ƙyallaye a kwando, ja, kore, shuɗi, mai santsi da mai kaushi. "Miƙo min ja." In ya kawo kore ki ce "wannan kore ne, ina ja?" Launukan da ya haddace a katun a nan za su zauna. Allura, almakashi, reza da maɓalli dai a sama, inda hannunsa ba ya kaiwa, don maɓalli yana iya maƙale wa yaro a wuya. Ki riƙa faɗin abin da kike yi kina yi: "Zan sa zare. Zare ya tsinke. Bari in ɗaura." Za ki ji kamar ke kaɗai kike surutu, ki ci gaba. In ya ja hannunki zuwa randa, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce "Ruwa? Ruwa kake so?" ki ɗan jira, sannan ki ba shi ko bai faɗa ba. Kada ki hana shi ruwa wai sai ya furta, wannan faɗa zai zama. In za ki Farin Gada cefane ki tafi da shi wani lokaci, ya taɓa tumatir da karas da kabeji, ya ji ana ciniki. Ranar da babansa ya sami sarari ya kai shi gidan namun daji, ya ga biri da jimina da ransu bayan ya gan su a zane. Ki bar shi ya fita tsakar gida cikin yaran maƙwabta, ko da sanyin Jos ne, a sa masa rigar sanyi da hula. Yaro ɗan shekara huɗu da zai ƙwace masa ƙwallo ya tilasta shi cewa "nawa ne" malami ne babba.

Da wane harshe? Da Hausa, harshen da kika fi sakewa a ciki. Kada kowa ya tsorata ki cewa Hausa za ta hana shi turanci, ko harshe biyu ne suka rikita shi. A garin nan kina ganin yaran Birom da Afizere da Anaguta suna tashi da yaren gida, ga Hausa, ga turanci, ba abin da ya same su. Yaron da ya iya bayyana kansa da harshen uwarsa ya riga ya sami abin da zai ɗora turancin a kai. Wannan ne kuma abin da za ki nuna wa maigida cikin lalama. Malamar nazare za ta koya wa yaro ABC cikin 'yan makonni. Abin da ke ba ta wahala shi ne yaron da ba zai iya cewa yana jin fitsari ba, ba ya juyowa in an kira shi, ba ya iya zama a ba da labari har a gama. In burinsa ɗansa ya yi fice a aji, hanyar ke nan, kuma shi ma yana da rabonsa na aikin: in ya dawo, ya ajiye tasa wayar na ɗan lokaci ya ɗora yaron a cinya su yi hira. Talabijin da ke kunne a falo ba mai kallo ita ma a kashe ta, don an lura manya sukan rage yi wa yara magana muddin tana yi.

Sai Hajiya. Maganarta ta yi zafi, na sani, ba uwar da za a ce wa ta kurmantar da ɗanta ta ji daɗi. Amma tsoro ne ya sa ta faɗa, kuma ta hango abin da kika hango. Ni a ganina babu wanda ya fi ta riƙe maganin a gidan nan. Ki same ta ita kaɗai, ki ce: "Hajiya, na ga gaskiyarki kan wayar nan, zan rage. Ki taimaka min da mijin naki, ya riƙa zama wurinki da hantsi." Ba kakar da za ta ƙi wannan. Tana tsintar wake yana gefe yana ɓarnar nasa, tana yi masa tsiya irin ta kaka da jika, tana yi masa waƙoƙin dandali da na raino da ke kanki kin manta. Bayan magariba ta ce "ga ta nan ga ta nanku", a koya masa ya ce "ta zo mu ji ta". Ko bai gane wayon Gizo ba tukuna, ya koyi cewa magana karɓa-karɓa ce, wani ya faɗa wani ya amsa. Ki roƙe ta abu ɗaya kawai: in ya yi kuka kada ta ce a ba shi wayar don a huta.

Domin zai yi kuka, ki shirya. Kada ki yanke duka rana ɗaya. Ki fara da lokuta uku: farkawa, cin abinci, da awa ɗaya kafin barci. Waɗannan babu waya ko da sama da ƙasa za su haɗe. Abinci zai yi wuya kwanakin farko tunda ya saba haɗiya ido na kan katun, wataƙila ya ci kaɗan, ki zaunar da shi cikinku ya ga kowa na ci, ki bar shi ya sa hannu. In waɗannan sun zauna sai ki riƙa rage sauran har ku iso awa ɗaya. Kafin bidiyo ya ƙare ki sanar da shi: "in wannan ya ƙare sai mu kashe." Ki bar shi ya danna da kansa, ki kuma tanadi abin da za a shiga nan take, wanka ko fita ƙofar gida. In ya yi birgima ki zauna kusa da shi, ba duka, ba kuma mayar da waya. Ranar da kuka ya dawo masa da ita, ya gane farashinta ke nan, gobe zai ƙara. Wayar kuma ta daina zama a kan keke inda yake ganinta. Ki sa ta a aljihu ko cikin durowa, masu kaya in sun kira za ki ji.

Ki fara a makon nan, kada ki ce sai kin haihu. Wata uku ne a gabanki, sun isa ya saba da zama wurin Hajiya da wasan tsakar gida. In kika bari sai jego ya zo, ga jariri a hannu, ga rashin barci, ga 'yan barka, kowa zai miƙa masa waya don a samu sararin kai, shi kuma zai ɗauka ƙanin ne ya raba shi da ke. A kwanakin jegon in ya ɗan wuce awarsa wata rana kada ki ɗora wa kanki laifi, ki koma kan tsari washegari. Jaririn kuwa a kwantar da shi inda ba ya fuskantar talabijin, kuma kada a fara miƙa masa waya sai ya cika shekara biyu, in ban da gaisawa da dangi ta kiran bidiyo.